Mai ceton 'yan'uwa a Dead by Daylight: me zai ɗauka, yaushe zai tashi?

Auta:
Salamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema a kan Dead by Daylight, wasan bidiyon nan da mutum huɗu ke gyara janareta don su buɗe ƙofa su tsira, makashi ɗaya yana farautarsu yana rataye su a ƙugiya. Ni ba gwanin gudu ba ne, in makashi ya biyo ni ba na daɗewa a tsaye, shi ya sa nake so in zama mai tallafa wa sauran: in sauke wanda aka rataye, in yi wa mai rauni magani. Claudette nake ɗauka, baiwowina huɗu, wato ƙarin iyawar da ake zaɓa kafin a fara wasa, su ne Empathy, Botany Knowledge, Self-Care da We'll Make It, ga akwatin magani a hannu. Duk da haka yawanci ana gamawa da mu saura janareta biyu ko uku ba a tayar ba. Me zan canza?

Anti Likita:
Wa alaikumus salam Auta. Fara cire Self-Care, sannan mu yi magana. In wani ne zai yi maka magani, sakan 16 an gama. Kai da kanka da Self-Care zalla sai ka haura sakan 40 kana durƙushe a lungu, kana nishi, ba ka taɓa janareta ba, ba ka ceci kowa ba. Kuma ga akwati a hannunka, to me kake yi da ita? Gurbi huɗu kacal aka ba ka, ka ba da ɗaya ga abin da kai kaɗai yake amfana, shi ma a kasale. Sa Kindred a wurinta.

Mai Tocila:
Anti ta yi maka da sauƙi. Ni cewa zan yi ka kwashe su duka. Magani aikin bayan ɓarna ne. Mai tallafi na gaskiya shi ne wanda ba ya bari a kai mutum ƙugiya tun farko. Tocila, Background Player, Breakout, Saboteur. Makashi ya sunkuya zai ɗauki mutum, ka ɓullo ka haske masa ido, ya sake shi. Wannan ceto ɗaya ya fi magani biyar.

Baban Lissafi:
Kafin a shiga jerin baiwowi, bari mu dubi abin da Auta ya faɗa a ƙarshe, don can ciwon yake: ana kashe su saura janareta biyu ko uku. Wannan ba ƙarancin magani ba ne, ƙarancin lokaci ne.

Janareta bakwai ne a fili, biyar ake buƙata. Mutum ɗaya yana tayar da guda a sakan 90, tun sabuntawar 2022 da ta ɗaga shi daga 80. Biyar sau 90, sakan 450 na aikin hannu ke nan da dole sai ku huɗun nan kun biya kafin ƙofa ta samu wuta. Duk wani abu da kuka yi ban da wannan, daga cikin kuɗin nan kuke cira. Magani ɗaya sakan 16 ne, amma mutum biyu ne suka tsaya, mai yi da wanda ake yi wa, ya zama 32. Ƙara tafiyar da ka yi ka same shi, da wadda za ka yi ka koma. Kusan rabin janareta ya tafi.

To me maganin yake sayo muku? Duka ɗaya. Mai lafiya sai an buge shi sau biyu ya faɗi, mai rauni sau ɗaya. Mu muna gudun mita 4 a sakan, yawancin makasa 4.6, wasu 4.4. Wato in ka ba makashi mai 4.6 tazarar mita 10 a miƙe, sai ya yi kusan sakan 17 kafin ya cim ma. Dukan farko yana ba ka tazara, don kai kana samun ɗan ƙarin gudu, shi kuma yana tsayawa goge makami. Ka ce ƙarin sakan 20 zuwa sama, ya danganta da gwanintar mai gudun. In a cikin sakan 20 ɗin nan sauran ukun suna kan janareta, kun ci ribar 60, maganin ya biya kansa har da ƙari. In kuwa ɗaya yana laɓe a bayan dutse da tocila, ɗaya yana yawon neman wanda zai yi wa magani, an yi asara.

Mai Tocila:
Malam, ni ake nufi da na bayan dutse ko?

Baban Lissafi:
Ban ambaci suna ba.

Mai Gatari:
Bari in sa baki, tunda ni a ɗaya ɓangaren nake zama, Huntress da Trapper nake bugawa. Wallahi babu abin da ke faranta min rai kamar in rataye mutum in ga kowa ya bar aikinsa. Ina ɗauke da Barbecue & Chili, duk wanda ya yi nisan da ya haura mita 40 daga ƙugiya ina ganin surarsa na 'yan sakanni bayan na rataye. In ban ga kowa ba, na san ɗayan biyu: ko sun shige akwatin ɓuya, ko suna nan kusa da ni cikin ciyawa suna jiran in juya baya. Galibi na biyun ne. Sai in ɗan zaga, in tarar da jajayen alamun sawu a jikin bango, in bi. Ba ni na nemo su ba, su suka kawo kansu.

Maganar tocila kuma, Mai Tocila ya san abin da muke yi. In zan ɗauki mutum, bango nake fuskanta. In na ga tocila biyu uku a ɗakin jira, in sa Lightborn, shi ke nan an gama, sai dai su yi ta haska ni ina wucewa. Ba na ce ba ta aiki ba. Akwai waɗanda suka iya lokacinta har sai ka ji haushi. Amma wanda ya bi ni a baya tsawon farautar nan duka, ko ya ceci mutumin, janareta guda ya bar min.

Mai Tocila:
Ya bar maka janareta, ya ƙwace maka rataya. Rataya goma sha biyu kake nema in za ka kashe kowa a cike, kowace ɗaya kuwa sai ka yi farauta. In na kuɓutar da mutum daga kafaɗarka, farautar minti guda ta tashi a banza, kuma ka sake daga farko. Malam ya sa wannan a lissafinsa mana.

Baban Lissafi:
Na sa. In ka yi nasara, riba ce babba, ban musa ba. Tambayar ita ce sau nawa kake nasara a cikin goma, kuma Auta da ya ce bai iya gudu ba, sau nawa zai yi? Wanda ya kusanci makashi da tocila ya kuskure, shi ne abin farauta na gaba. Kai kana iya zagaya katakon da ake kayarwa a tare hanya da tagar da ake tsallakewa ka riƙe shi. Auta fa?

Shiru-Shiru:
Akwai abin da ba a tambayi Auta ba: da abokai kake wasa kuna magana, ko da baƙi? Amsar tana canza komai. Wasan ba shi da hanyar magana da murya a cikinsa, masu ƙungiya a Discord suke haɗuwa. In kuna jin juna, mutum ɗaya zai ce ni zan je, sauran su ci gaba da aiki, ba ka buƙatar Kindred sosai. Ni da baƙi nake yi kullum, kuma abu biyu ne ke kashe mu: ko mu uku mu ruga ƙugiya lokaci guda, ko kowa ya zaci wani zai je, har mutumin ya shiga mataki na biyu, na dab da mutuwa, yana kallonmu.

Kindred maganin wannan take yi. In wani ne a rataye, kana ganin surar sauran duka, kana ganin makashi in yana cikin mita 16 daga ƙugiyar. In kai ne a rataye, kowa yana ganin kowa. Wato ko an kama ka, kana tallafawa. A wurina babu baiwar ceto da ta kai ta, kuma ta kowa ce, ba sai ka buɗe wani mutum ba.

Sannan tun farkon 2023 an sa 'yan alamomi a gefen hoton kowa a allo, suna nuna wanda ke gyaran janareta da inda ya kai, wanda ke magani, wanda ake bi. Mutane da yawa ba sa kallonsu. In ka ga ɗaya ana binsa, ɗaya janaretansa ya kusa tashi, to kai ne mai zuwa ceto, babu wani. In ka ga alamar gyara ta ɓace daga gefen wani bayan an rataye mutum, mai yiwuwa ya tashi, zauna a kan aikinka.

Auta:
Da baƙi nake yi, Yaya. To amma in na ga an rataye mutum, ba gara in je da wuri ba? Ina tausayin wanda ke rataye yana jira.

Anti Likita:
Tausayin nan shi ke cinye ku. Kowane mataki a ƙugiya sakan 70 ne yanzu, da 60 ne aka ƙara a 2024. Mutumin da ke rataye a matakin farko ba ya rasa komai a sakan 10 ko a sakan 50, duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da zai cuce shi shi ne ka sauke shi makashi bai yi nisa ba. Ya dawo ya tarar da ku biyu: kai mai lafiya, shi mai rauni da rataya ɗaya a kansa. Wa kake jin zai bi?

Ni ga yadda nake yi. An rataye mutum, in duba Kindred. In ni ce mafi kusa ko wadda aikinta ya fi ƙaranci, sai in taso, amma ba da gudu har gindin ƙugiya ba, don gudu yana barin sawu. In na kusa sai in koma tafiya, in tsaya inda nake hango wurin, in saurari bugun zuciyar da ake ji in makashi na kusa. Ya lafa, ko na ga alamar an fara bin wani, sai in shiga. Ina sauke shi We'll Make It ta kama, maganin sakan 16 ya koma 8. A wannan yanayin nan take nake yi masa a gindin ƙugiyar, don kafin mu yi tafiyar neman maɓoya ma an gama.

Mai Gatari:
Anti, wannan na gindin ƙugiya ki yi hattara da shi. Ana sauke mutum nake samun sanarwa. In Nurse ce ko Blight ko Hillbilly, sakan 8 ya ishe su dawowa. Kuma in akwai Sloppy Butcher maganin naki ya yi nauyi, in akwai A Nurse's Calling ina ganinku ta bayan bango kuna yi.

Anti Likita:
Shi ya sa na ce in ana bin wani. Makashin da ya bar farautar da ke hannunsa ya dawo ƙugiya, ya saki wancan, kuma na gane irinsa tun a ratayar farko. Daga nan ba zan sake yi a gindi ba, zan ja mutumin mu bar wurin. Ai ba dokar da aka rubuta ba ce, kallon makashin ake yi.

Abin da na fi so Auta ya riƙe shi ne abin da ake yi in makashin ya dawo. Kada ka ɓace. Da yawa suna saukewa su shige ciyawa, su bar mai rauni yana zubar da jini a fili. Wanda aka sauke yana da 'yan sakanni na kariya da wasan ke ba kowa, duka ɗaya ba zai kai shi ƙasa ba, amma tana ƙarewa da sauri, kuma tana gushewa in ya taɓa janareta ko ya fara yi wa wani magani. Kai mai lafiya ka shiga tsakaninsu. Ka tsaya a bakin ƙofa ko a ƙuncin hanya, ka sha dukan. Ka bi bayansa yadda makashi ba zai iya kai masa hannu ba sai ta jikinka. Borrowed Time ta Bill tana tsawaita kariyar in kana so, amma jikinka ya fi ta aiki.

Baban Lissafi:
Nan ne nake ganin maganar farko ta Auta ba za ta tsaya ba, wato ban iya gudu ba don haka zan zama mai tallafi. Mai tallafi ya fi kowa haɗuwa da makashi. Shi ke zuwa ƙugiya, shi ke shan duka, shi ke janye makashi daga wanda aka rataye sau biyu. In yana faɗuwa a sakan 15, ya koma wanda ake zuwa ceto, kuma baiwowinsa huɗu na rataye tare da shi. Don haka gurbi ɗaya na kanka ne, dole. Ko Sprint Burst ta Meg, ko Lithe ta Feng Min, ko Windows of Opportunity ta Kate da ke nuna maka katakai da tagogi na kusa. Ga mai koyo ni Windows zan zaɓa, don tana koya maka fili, wata rana ka cire ta ka ga ka riga ka haddace.

Shiru-Shiru:
Ƙari a kan haka, ka riƙa ƙirga ratayar kowa. In mutum huɗu kowa yana da ɗaya, wasa na nan da rai. In mutum ɗaya yana da biyu sauran ba su da ko ɗaya, kuna bakin rami, don da zarar an fitar da shi kun koma uku: ɗaya a rataye, ɗaya mai ceto, ɗaya ana bi, babu mai gyara. Wanda bai taɓa hawa ƙugiya ba a tsakiyar wasa, ba gwaninta ya yi ba, bashi ne a kansa. Ya fito ya nuna kansa.

Mai Tocila:
To ai Shoulder the Burden don wannan aka yi ta. Ta Taurie Cain. Ka sauke mutum ka ɗauke masa rataya ɗaya ta dawo kanka.

Anti Likita:
Tana da kyau a hannun wanda ya san abin da yake yi, sau ɗaya ake amfani da ita a wasa kuma akwai hukuncin da take ɗora maka bayan nan. Haka For the People ta Zarina: ka ɗaga mutum nan take, kai ka koma mai rauni, ka daɗe ba ka karɓar magani. Duka biyun kana sayar da lafiyarka ne ka saya wa wani. In wanda ka saya wa baƙo ne da zai koma ya faɗi bayan sakan 10, garin neman gira an rasa ido. Ba zan ba sabon shiga su ba.

Auta:
Circle of Healing fa? Na ga ana yabonta a tsofaffin bidiyo.

Baban Lissafi:
Tsofaffi, kamar yadda ka ce. Ta zo da Mikaela Reid a 2021, lokacin kowa yana shiga da'irar ya yi wa kansa magani ba akwati, makasa suka yi ta kuka. A 2023 Behaviour, kamfanin da ya yi wasan, suka cire wannan, yanzu saurin yi wa wani magani take ƙarawa a cikin mita 24, tana kuma nuna masu rauni da ke ciki. Sai ka nemo ɗaya daga cikin tarin ƙasusuwan da ke warwatse a fili, ka ɓata sakan 14 kana kunna shi, makashi ya zo ya take shi da ƙafa cikin ƙiftawar ido. A fili mai hawa biyu, inda zai sha wahalar zagayowa, tana iya biya. A buɗaɗɗen fili ba na ɗaukarta. Kuma wannan ya shafi duk abin da muke faɗa: wasan tun 2016 yake, ana taɓa baiwowi a kai a kai, ka karanta bayanin da ke cikin wasan kafin ka bi bidiyon shekara uku.

Mai Gatari:
Ga wani dalilin da zai sa kada ka cika gurabenka da magani zalla: ba ka san wanda za ka haɗu da shi ba sai an fara. In Plague ce, ta yi maka amai ka kamu, babu mai iya yi maka magani, sai dai ka je maɓuɓɓuga ka wanke. Kana wankewa kuma ka bar mata gurɓataccen ruwan da za ta sha ta samu jan amai mai raunata mutum daga nesa. Ƙwararru sukan zauna da ciwonsu su gama janareta. Botany, We'll Make It, akwatinka, duk sun zama kaya. In Legion ne, kana gama magani ya sake zuwa ya yanke ku duka, wanda ya nace sai kowa ya warke ba zai taɓa janareta ba.

Oni kuma akasin haka. Mai rauni yana zubar masa da ƙwayoyin jini, da su yake cika ƙarfinsa, in ya cika duka ɗaya ne. A nan mai saurin magani yana hana shi abinci. To ka ga kaya ɗaya, a wani wasan zinariya, a wani ba komai. Kindred kuwa da kowa tana aiki.

Shiru-Shiru:
Déjà Vu ma haka. Ba a kiranta baiwar tallafi amma ni a wurina ita ce. Tana nuna maka janareta uku da suka fi kusa da juna. In kuka yi sakaci kuka gyara na gefe-gefe kuka bar waɗannan ukun a ƙarshe, makashi zai tsaya a tsakiyarsu yana zagayawa, ba mai iya zama sakan 20 a kan ɗaya. Wanda ya fasa ukun nan tun da wuri ya ceci mutum huɗu, ko da yake ba wanda zai gode masa a ƙarshen wasa.

Mai Tocila:
In gyara ake so ai Prove Thyself ta Dwight tana nan.

Baban Lissafi:
Tana rage asara ne kawai. Mutum biyu a janareta ɗaya kowa yana rasa kashi 15 cikin ɗari na saurinsa, sai su gama a wajen sakan 53. Biyu a jere 106 ke nan, alhali da sun rabu sun tayar da biyun a 90. Haɗuwa tana da amfani in ana so a fasa na tsakiya da sauri ko a gama na ƙarshe. In ba haka ba, a watsu. Kuma makashi in ya tarar da biyu wuri ɗaya, aikin mutum biyu ya tsayar.

Ɗan Kallo:
Ni ba na buga wannan, amma abin da kuke faɗa haka yake a Lethal Company. Wanda ya zauna a jirgi yana kallon allo, yana buɗe ƙofofi, yana gaya wa mutane ga jan ɗigo nan tafe, sau da yawa shi ke dawo da su da rai. A Phasmophobia ma akwai mai zama a mota yana duba kyamarori da ma'aunin hankalin kowa. Sai dai can ana yi musu gorin tsoro ne ya zaunar da su.

Anti Likita:
Wani lokacin ma tsoron ne. Bambancin shi ne a nan babu motar da za ka zauna.

Auta:
To in makashin ya ƙi barin ƙugiya fa? Na sha haɗuwa da mai zarton nan, Cannibal, da ke kai mutum ɗakin ƙasa ya rataye shi ya tsaya.

Anti Likita:
In ya tsaya dab da ita, tun 2023 akwai ma'aunin da ke cika wa wanda aka rataye har ya sauke kansa. Amma wayayyu ba sa tsayawa dab, sukan ja baya kaɗan su yi ta shawagi, kuma in ku ma kuna kusa ma'aunin yana rage gudu. Wato zuwanka ka laɓe a gefe yana iya cutar da shi.

Maganin mai gadi Reassurance ce, ta Rebecca Chambers. Ka kusanci mutumin da mita 6, ka danna, agogon ƙugiyarsa ya tsaya har sakan 30 in ta kai matakin ƙarshe. Ba sai ka sauke shi ba. Wani lokaci daga saman ɗakin ƙasan ko ta bayan bango kana iya kaiwa. Makashi yana tsaye yana gadi, agogo ba ya tafiya, mutum biyu suna gyara. Amma mai zarto a ɗakin ƙasa, kada ka sauka. Zartonsa yana kayar da mai lafiya a bugu ɗaya, yana kuma iya haɗa ku biyu a shara ɗaya, matakalar kuwa ɗaya ce. Mataki biyu sakan 140 ne. Ku uku a janareta daban-daban, kun tayar da uku kun yi nisa a wasu kafin ya gama da shi.

Mai Tocila:
Wato a bar mutum ya mutu. Wannan ne tallafin?

Anti Likita:
Shi na rataye in ya san wasa, abin da yake roƙo ke nan. Ya riƙe makashi minti biyu da wani abu ba tare da ya yi gudu ba. Abin da zai ƙona masa rai shi ne ya ga ku ukun kuna leƙe a bakin matakala babu janareta ko ɗaya da ya tashi.

Mai Gatari:
Gaskiyar Anti ce, kuma mu mun sani. Mai gadi caca yake yi cewa za ku zo. In ba ku zo ba ya tashi da kisa ɗaya.

Auta:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na haɗa: Kindred, We'll Make It, Windows of Opportunity, sai Déjà Vu kafin in samu Reassurance. Akwatin magani na nan. Sai na koma Kate ke nan?

Baban Lissafi:
A'a. Ka kai Kate darajar farko, wato ka cika matakanta 50 ka ɗaga ta sau ɗaya, baiwowinta uku za su buɗe wa kowa a matakin farko. In ka ɗaga ta sau uku, su buɗe a cike. Masu tsira duk gudunsu ɗaya, bambancin sai kaya da ƙarar nishi in sun ji rauni. Zauna da Claudette ɗinka, duhun kayanta ma yana taimaka maka wajen zuwa ƙugiya. Sauran ukun da ka lissafa na kowa ne.

Mai Tocila:
Ba Empathy, ba tocila, ba komai na nishaɗi. To shi ke nan. Amma ku amsa min wannan: an gama janareta biyar, an rataye mutum, makashi na tsaye a gabansa, ma'aunin nan kuma ba ya aiki in ƙofofi sun samu wuta. Babu sauran janaretan da za a fake da shi. A fita a bar shi?

Anti Likita:
A nan ina tare da kai, a je. Amma da tsari. Ƙofa sakan 20 take ɗauka, a ja ta har dab da buɗewa a sake ta, kada a buɗe, don ana buɗewa agogon ƙarshe zai fara, kuma in yana da Blood Warden ya rataye wani bayan an buɗe, ya toshe mafitar. Kowa ya warke tukuna, nan ne akwatin Auta zai yi rana. Sannan a tafi mutum biyu: ɗaya ya sha duka ya sauke, ɗaya ya rufa musu baya, na uku yana riƙe da ƙofa yana kallo ta Kindred, ya ƙarasa buɗewa in sun taho.

Mai Gatari:
Ku dai fara duba yadda mutumin ya faɗi. In yana da lafiya na buge shi sau ɗaya ya kwanta, No One Escapes Death ce, kuma duk wanda ya zo haka zai kwanta.

Shiru-Shiru:
In ita ce, ƙasusuwan da ke riƙe da ita ake nema a fasa kafin ƙugiya. Biyar ne a fili, mai wutar ɗaya ne, kuma bayan ta bayyana surarsa tana fitowa ga wanda ya matso kusa, da'irar tana faɗaɗa a hankali. Wanda ya lura da inda suke tun yana wucewa a farkon wasa, shi zai je kai tsaye. In kuma ya faɗo a gindin ƙugiyar da makashin ke gadi, ni dai ƙofa zan nufa.

Mai Tocila:
Ni zan gwada.

Mai Gatari:
Na sani. Irinku ne ke mayar min da kisa ɗaya ya zama biyu.